Tafiyar da Na Yi a Madadin Malam Haliru

Shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Malam Haliru. Mutanen Ƙauran Namoda sun san shi ne a matsayin malamin lissafi a wata makarantar sakandare, siririn mutum mai saurin tafiya, wanda yakan faɗi ra'ayinsa ko ba a tambaye shi ba. Kaɗan ne suka san ya taɓa rubuta wata manhajar kwamfuta da ta shiga gasa a Turai. Waɗanda kuwa suka san cewa ni ne na kai ta can, ni da aikina duba lafiyar shanu ne a Shinkafi, ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama nakan ce zan rubuta labarin, sai in fasa. Bana dai na zauna.

Shi ɗan Gurbin Bore ne ta ƙasar Zurmi, ni ɗan Shinkafi. Makarantar kwana ce ta haɗa mu, gadonsa na sama, nawa na ƙasa. Sunana Ummaru, amma tun da na kama aikin dabbobi ya koma kira na Likita, duk da ya san takardata ba ta kai nan ba. Bayan ya fara koyarwa a Ƙaura, wani ɗan bautar ƙasa daga kudu ya koya masa darar Turawa da ake kira ces, wadda malamanmu na zaure ke ce wa shaɗaranji. Allo ne mai gida sittin da huɗu, kowane ɓangare da sarkinsa da sarauniyarsa da dawakinsa da sauran dakaru. Kafin shekara ta zagayo Haliru ya fi malamin nasa iyawa. Da mutumin ya gama bautarsa ya koma garinsu, sai Haliru ya rasa abokin wasa a duk faɗin Ƙaura. Ya gwada koya mini, na ƙi. Ya gwada 'yan uwansa malamai, suka ce su darar tsinke ta ishe su. Daga nan ne ya ce to zai koya wa kwamfuta.

Ya sayo tsohuwar kwamfutar hannu a Kano, da littattafai biyu da bangonsu ya yage. Ya shekara kusan shida yana wannan aiki, yawanci tsakanin tashi daga makaranta da la'asar, da ranakun hutu. Idan an ɗauke wuta sai ya jona batirin mota. Ya sa wa manhajar suna Kurege, kuma yana maganarsa kamar yadda mutum ke maganar ɗansa mai ƙiriniya: yau Kurege ya yi wauta, jiya Kurege ya ba shi mamaki. Ranar da Kurege ya fara cinye shi wasa uku a jere, sai da ya hau babur ya zo har Shinkafi don ya gaya mini, alhali akwai waya.

Ta intanet ya ji labarin wata gasa da ake yi kowace shekara a wata ƙasar Turai, inda manhajoji ke karawa da juna. Ya rubuta musu, ya aika da wasannin Kurege, suka ce sun karɓe shi. Sai dai ƙa'idar gasar ita ce kowace manhaja sai ta zo da mutum. Za a zauna a kan tebur da allo na gaske, kwamfutarka ta faɗi inda take so a kai ɗan dara, kai ka ɗauka ka ajiye, sannan idan abokin karawa ya yi nasa, ka shigar mata da abin da ya yi. Ke nan dole Haliru ya je da ƙafarsa.

A shekarar farko fasfo ne ya fara cinye masa lokaci. Ya yi ta safa da marwa tsakanin Ƙaura da Gusau, yau a ce ya dawo jibi, jibi a ce sunan da ke takardar haihuwarsa bai yi daidai da na takardar makaranta ba, harafi ɗaya ne ya bambanta. Da wannan ya warware, sai takardar neman izinin barin aiki na mako biyu ta kwanta a kan wani tebur, domin mai sa hannu ya ce shi bai ga abin da ya haɗa koyar da lissafi da zuwa wasan dara ba. Da ya samu ya nemi ranar ganawa a ofishin jakadancin ƙasar, ranar da aka ba shi ta faɗo bayan an gama gasar da kwana goma.

A shekara ta biyu ya fara shiri da wuri. Ya sayar da bijimin da ya gada, wanda ke wurin wani Bafulatani abokin mahaifinsa, ya haɗa duk takardun da aka ce, ya tafi Abuja. Ya gaya mini ganawar ba ta kai minti biyar ba. Matar da ke bayan gilashi ta tambaye shi, idan kwamfuta ce za ta yi wasan, shi me zai je yi? Ya fara bayani ta katse shi. Bayan mako biyu fasfonsa ya dawo da takarda mai cewa ba su gamsu zai dawo gida ba idan ya tafi. Mutumin da ko Sakkwato ya je ba ya iya kwana uku bai fara zancen komawa Ƙaura ba.

Ranar kasuwar Shinkafi ce, ina cikin kara ina duba wata saniya mai ciwon kofato, na ɗago kai na gan shi tsaye da hular kwano a hannu. Ko gaisawar kirki ba mu yi ba.

"Likita, bizarka ta mutu ko tana da rai?"

Watanni kaɗan kafin nan an tura mu mu huɗu wani kwas kan cututtukan shanu a can Turai, an ba mu biza irin wadda ake shiga ƙasashe da yawa da ita.

Na ce, "Da sauran wata huɗu. Lahiya dai?"

"Na rubuta ma mutanen, sun ce ina iya aika wakili. Kai za ka tahi da Kurege."

"Haliru, ni ko sunan 'ya'yan darar ga ban sani ba."

"Ba wasa za ka yi ba. Shi ka yin tunani. Kai hannu kawai za ka ara mishi, ka ɗauka ka aje inda yac ce."

Na ce ya ba ni kwana biyu. Gaskiyar magana niyyata in ƙi. Tsoron abin kunya nake ji, kuma ina jin nauyin in hau jirgin da shi ya kamata ya hau. Da na je Ƙaura don in ba shi haƙuri ban same shi a gida ba, sai maiɗakinsa Luba ta gaishe ni daga bayan ƙofa. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam Ummaru, tun da anka maido mishi fasfon nan bai ci abincin kirki ba. Shekara shida ina kallon shi da abin ga. In ka ƙi, ban san inda za shi sa kanshi ba." Na zauna a zaure har ya dawo, na ce masa na yarda.

Mako uku muka yi yana horar da ni. Kowane gida a allon yana da suna, harafi da lamba, ya sa na haddace su har ina iya nuna gida ido a rufe. Ya koya mini danna agogon wasa, da yadda ake rubuta kowane motsi a takarda, da abin da zan yi idan kwamfutar ta daskare. Malami ne mai tsanani. Idan na yi kuskure ba ya faɗa, sai dai ya kwashe 'ya'yan ya sake jerawa ya ce mu koma farko. Ko sau ɗaya bai nuna mini cewa abin yana ci masa rai ba. Ranar tafiya ya raka ni tasha, ya miƙo mini jakar kwamfutar, ya ce kada in yarda a sa ta cikin kaya, a kan cinyata za ta zauna har can. Ya juya ya tafi tun mota ba ta cika ba.

Wahalar tafiyar ba ta tsaya ga biza ba. A filin jirgin can sai da aka ware ni gefe, aka karanta takardar gayyatar da aka sake rubutowa da sunana, aka sa na kunna kwamfutar. Batirinta ya riga ya mutu, kan wayar cajinta kuma bai shiga ramin bangonsu ba. Na fi awa ɗaya a tsaye kafin wani ma'aikaci ya samo abin jonawa. Jirgin ƙasan da zai kai ni garin ya wuce, na bi na gaba, na sauka a tashar da ba ita ba. Sanyi kuwa, rigar da na ɗauka tun zuwan farko ba ta yi masa komai ba. Kwana takwas na yi a kan burodi da shayi da kifi, don ban san yankan wa zan ci ba.

Zauren gasar ɗaki ne a wata jami'a, tebura a jere, mutane ba su fi na ɗaurin auren talaka ba. Wasu sun zo da manyan injuna a cikin akwati, wasu kwamfutarsu ta hannu tana magana ne da wani ƙaton inji a ƙasarsu. Ni na ajiye tsohuwar kwamfutar Haliru mai tsagaggen murfi. Na ga an rubuta sunana a katin da ke kan teburinmu, na je na sa aka cire aka rubuta nasa. Da suka fara yi mini tambayoyi kan yadda Kurege ke lissafi, na ce musu ni shanu nake dubawa, mai abin yana gida an hana shi biza. Wasu suka yi dariya. Wani dogon dattijo mai farin gashi, wanda ya ce a gonar shanun madara ya tashi, shi ya riƙe ni tun daga ranar. Shi ya nuna mini wani lungu inda nake salla.

Kurege ya sha kashi a wasannin farko, kamar yadda Haliru ya ce za a yi, domin injinmu ba ya tunani da sauri kamar nasu. Ya yi canjaras sau ɗaya. Sai a rana ta biyar muka haɗu da wata manhaja wadda ƙarfinmu ya zo kusa. Ni ban iya karanta wasa ba, amma na ga mutane suna barin teburansu suna zuwa tsayawa a bayana, na ga mai ɗaya manhajar yana ta shafa goshi. Dattijon nan ya raɗa mini cewa Kurege ne a sama. Hankalina ya koma kan mutanen da ke bayana. Abokin karawa ya tura sarauniyarsa ta tsaya a gida na shida, ni kuwa na shigar wa Kurege cewa a na biyar ta tsaya. Da yake nan ma tana iya tsayawa, bai yi gardama ba, ya ci gaba da lissafi a kan allon da babu shi. Sai bayan motsi uku, da ya ce in kai doki wani gida da zai bar sarkinmu a buɗe, aka gane akwai matsala. Alƙalin gasa ya zo ya duba takardu, ya ce a koma inda kuskuren ya faru, amma lokacin da muka ɓata ba za a mayar mana ba. Abin da ya rage a agogonmu kaɗan ne. Kurege ya riƙa yanke shawara a gurguje, nasarar ta zame, aka tashi canjaras. Shi ne wasa ɗaya da ya kusa ci a duk gasar.

Abin da ake sakawa a intanet jerin motsin da aka amince da su ne kawai, babu labarin kuskurena. Da na kira Haliru da yamma, ya riga ya je shagon intanet a Ƙaura ya gani.

Ya ce, "Ban gane ba, Likita. Kurege ba ya sakin irin wanga wuri. Akwai abin da ya lalace cikinai."

Na ce layin ba ya da kyau, za mu yi magana in na dawo.

Da na dawo, ban ƙarasa Shinkafi ba sai da na tsaya a gidansa a Ƙaura. Na same shi a zaure da takardu a baje a kan tabarma, kwana biyar yana bin lissafin Kurege layi-layi yana neman inda ya yi kuskure. Idanunsa sun yi ja. Na ajiye jakar, na ba shi takardar shaidar halarta da aka rubuta da sunansa, sannan na gaya masa abin da ya faru, tun daga kuskuren da na yi har hukuncin alƙali. Ya tambaye ni wane gida ne. Na faɗa. Ya tattara takardunsa ya daidaita bakinsu, ya ce, "Sha ruwa ka tahi gida, iyalinka na jiran ka."

Wata biyu bai neme ni ba. Idan na kira, gaisuwa ce kawai. Na san ba kuskuren ne kaɗai ya ɓata masa rai ba, har da kwana biyar ɗin da na bar shi yana zargin aikinsa alhali ina iya faɗa masa a waya. Wannan shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa.

Ran nan da hantsi sai ga shi a ofishina da akuya ɗaure a bayan babur. Ya ce ta Luba ce, ba ta cin abinci. Na duba ta sama da ƙasa ban ga abin da ke damun ta ba, ban da gajiyar hanya daga Ƙaura. Na ba ta maganin tsutsa don kada tafiyar ta tashi a banza. Muka zauna a benci a gindin dogon yaro, sai ya ce, "To ba ni labarin wurin. Teburan nan, na katako ne?" Tun dawowata bai taɓa tambaya ba. Na ba shi labari har azahar: yadda ake jera tebura, wa ke zama kusa da wa, irin hirar da suke yi wajen shan shayi, tambayoyin da aka yi mini na kasa amsawa. Waɗannan ya sa na maimaita, yana amsa su ɗaya bayan ɗaya, kamar masu tambayar suna zaune tare da mu.

Ya sake neman biza a shekarar da ta biyo, da wasiƙar da dattijon nan ya rubuto masa ta goyon baya. Aka sake hana shi. Tawa kuma ta riga ta mutu. Bayan nan ciwon ƙoda ya kama shi, tafiye-tafiyensa suka koma na asibiti, Gusau da Sakkwato, har Allah ya karɓi abinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. An ce mini yanzu gasa irin wannan da yawa ba a zuwa ko'ina, mutum zai aika manhajarsa daga ɗakinsa, injuna su kara da juna, kowa na kallo a waya. Ba fasfo, ba layin ofishin jakadanci, ba wakili mai kuskuren shigar da motsi. Na san zai yi murna da wannan, kuma na san zai yi tsaki ya ce an makara. Sai dai abin da ya sauƙaƙa a can ya tsananta a nan. A lokacinsa Turai ce ke da wuyar zuwa, amma yana iya ɗaure akuya a babur ya taho Shinkafi don kawai yana son mu shirya. Yau kafin in kama hanyar Ƙaura sai na tambayi direbobi ko an wuce lafiya da safe, wani lokaci a jira rakiya, wani lokaci a fasa. 'Yan uwansa da dama sun baro ƙauye sun dawo gari. Mun ga lokacin da aka rufe layukan waya gaba ɗaya, mutum sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya aika saƙo. Da yana raye, watakila da ya samu shiga gasar ba tare da biza ba, sannan ya rasa layin da zai aika Kurege. Ban san wanne zai fi ba shi haushi ba.

Idan aka ce a auna abin da ya bari, ba zan yi ƙari ba. Kurege bai ci kofi ba, kuma an ce manhajar da ke cikin wayar kowa yanzu ta fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ba a sa wa ko aji ɗaya sunan Haliru ba. Akwai dai ɗalibansa, waɗanda in mun haɗu sukan ce shi ya sa suka daina tsoron lissafi, akwai kuma 'ya'yansa huɗu da Luba ta riƙe da kyau.

Babbar, Hadiza, ilimin kwamfuta ta karanta. Watan jiya da na je gaishe su ta ce, "Baba Ummaru, zauna in nuna maka wani abu." Ashe ta ciro abin da ke cikin tsohuwar kwamfutar, wadda ta daɗe da mutuwa, ta zuba a tata. Ta ce masu rubuta manhaja sukan bar wa kansu 'yan bayanai a tsakanin layuka, kuma babanta da Hausa yake rubuta nasa. Ta gangara zuwa gyara na ƙarshe da ya yi. Ranar da ke jiki ta nuna a cikin wata biyun nan ne da ba ya yi mini magana. Ya ƙara wani sashe da zai sa Kurege, duk lokacin da aka shigar masa da motsi, ya zana allon ya tambaya ko haka yake a kan tebur, ba zai ci gaba ba sai an amsa. A samansa ya rubuta: "Wanga gyara don Likita ne, in ya koma. Mutum ga sanyi, ga yunwa, ga baƙin mutane tsaye bisa kanshi, ni kuwa ban sa abin da za ya tambaye shi ba. Laihin rabi nawa ne."

Na ce ta sake karanta mini, ta karanta. Ta tambaye ni ko ya taɓa gaya mini haka, na ce a'a, kusan shekara uku muka ƙara tare bai faɗa ba. Ta ce za ta buga mini a takarda. Na ce ta bar shi a inda ya ajiye shi.

Allah ya jiƙan Malam Haliru, ya yafe masa, ya yalwata masa kabarinsa. Mu kuma da muka rage a kan wannan hanya, Allah ya kai mu gida lafiya.